Wane "mu" kake nufi?

Bayan an tashi daga makaranta, nan unguwar Louis, wata ɗalibata ta tsaya a bakin ƙofar aji. Ta ce, "Malam, ɗazu da ka ce 'mu 'yan Gabon', wai har da mu?" A Bitam aka haifi kakanta, ita kuma a Libreville. Na ce mata har da ku mana. Ta tafi, amma tambayar ta bi ni har gida.

Da dare na tarar da ƙanena yana kallon fim ɗin Avatar a waya. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce ai mutanen cikin fim ɗin nan ba su da wannan matsala. Na bincika, ashe gaskiyarsa ne. Harshensu, Na'vi, ƙirƙirarsa aka yi. Wani masanin harsuna a Amurka, Paul Frommer, shi ya tsara wa James Cameron shi, fim ɗin kuma ya fito a 2009. A harshen, "oe" shi ne ni, "nga" shi ne kai. In ka ce "ayoe", kana nufin mu ban da wanda kake yi wa magana. In ka ce "ayoeng", ka sa shi ciki. Dubi ƙarshen kalmar, "nga" ɗin nan ne aka liƙa mata.

To, wannan fa ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya zauna da Fulanin Adamawa ya san "minin", mu ban da kai, da "enen", mu har da kai. Hausa kuwa "mu" ɗaya gare ta, haka ma Faransancin da nake koyarwa da shi. Shi ya sa yarinyar nan ba ta da yadda za ta gane daga kalmar kaɗai. Sai dai ta duba fuskar mai magana, ta tuna yadda ake tambayar babanta takardu.

Amma kada mu tsaya ga kukan an ware mu. Mu ma muna da tamu, "mu ya mu". A wajen suna ko ɗaurin aure, sau nawa muke juya hira zuwa Hausa alhali ga ɗan'uwa Bafange da ya musulunta zaune a gefen tabarma? Yaranmu da Hausarsu ta karye fa, da muke yi musu dariya, wane "mu" suke ji daga bakinmu?

Tunda harshenmu bai raba mana ba, aikin ya dawo kan mai magana. Muna da "mu da ku", muna da "mu duka", kuma ba saye ake yi ba.

Washegari na rubuta "nous" a allo, na tambayi ajin su wa ke cikinta. Suka yi tsit. Sai na ɗauko rajista na kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, har na kai kan nata. Ta amsa da ƙarfi.