Ko Ka San Akwatin Kifin Ado Ya Kan Kai Nauyin Buhun Siminti Goma Sha Bakwai?

Wanda ya shiga falon wani gida a Landan ko Toronto ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launin ja da shuɗi suna kai da kawowa a ciki, hankalinsa kan kifayen zai tsaya. Da wuya ya sunkuya ya dubi ƙasa. Alhali a ƙasashen da ake gina gidaje da daɓen katako, kamar Amurka da Kanada da Ingila, tambayar farko da ya kamata mai son kiwon kifin ado ya amsa ta shafi daɓen ɗakinsa ne, tun kafin ya zaɓi irin kifin da zai saya. Ruwa ba ya nuna nauyinsa a ido, shi ya sa yake yaudarar mutane.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin da tsawonsa ya kai santimita 180, faɗinsa 60, zurfinsa 60, wanda masu wannan sha'awa ke ɗauka babba amma ba na fitar hankali ba, yana cin lita 648, kusan jarka ashirin da shida ke nan irin ta 'yan garuwa. Gilashin da zai riƙe wannan ruwa kaurinsa kan kai milimita 12, kuma shi kaɗai ya doshi kilo 120. A ƙara yashi da tsakuwa, a ƙara teburin da ake ɗora shi, a ƙara na'urar tace ruwa. Idan kuma kifayen tafkin Malawi ko na Tanganyika ake kiwo, waɗanda ba sa sakewa sai an tara musu duwatsun ɓuya, nauyin ya ƙaru, domin dutse ya fi ruwan da ya ture nauyi fiye da ninki biyu. Kafin a ankara an kai kilo 850, buhun siminti goma sha bakwai, duk a jibge kan fili da bai fi murabba'in mita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙa'idar gini a Ingila kuwa tana ƙiyasta daɓen gidan zama zai ɗauki kimanin kilo 150 a kowane murabba'in mita, ta Amurka kuma kusan kilo 195.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a sayi ƙaramin akwati a huta? Abin da ya hana shi ne kifin. Tun shekarar 1850 da wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Robert Warington, ya bayyana yadda tsirrai da kifi za su rayu tare a ruwan da ba a canjawa kullum, aka gane cewa kiwon kifi a ɗaka kiwon ruwa ne kafin komai. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a matatar ruwa su ne ke sauya ta zuwa sinadarin da bai kai ta illa ba. Kifayen ƙasashe masu zafi kuma suna son ɗumin da bai wuce tsakanin digiri 24 zuwa 27 ba, kuma ba sa son ya riƙa hawa da sauka. Ruwa kaɗan yakan gurɓace da wuri, ya huce da wuri. Ruwa mai yawa yana da haƙuri: kifi ɗaya ya mutu a lungu ko wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i, ba nan take komai zai birkice ba. Wasu kifayen ma girmansu ba ya barin zaɓi. Wani kifi mai dogon baki kamar hancin giwa da ake kamawa a kogunan Afirka ta Yamma, har da kogin Neja, ake kaiwa kasuwannin Turai, yakan wuce santimita 20, kuma yana neman fili da duhun ɓuya. Saboda haka abin da ya fi wa kifi daɗi shi ne ya fi wa daɓe wuya.

Akwai masu cewa duk wannan tsoro ne kawai. Hujjarsu ita ce, maza goma sha biyu za su taru a falo ranar biki, nauyinsu ya kai na akwatin, kuma ba a taɓa jin daɓe ya rufta da su ba. Suna da rabin gaskiya. Adadin da ke cikin ƙa'idar gini ba iyakar abin da taki ɗaya na daɓe zai ɗauka ba ne; ƙiyasi ne na nauyin da aka baza ko'ina cikin ɗaki, don haka wuri ɗaya na iya ɗaukar fiye da haka idan sauran ɗakin babu kaya mai yawa. Kuma gaskiya ne ruftawar daɓe gaba ɗaya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Amma baƙi suna warwatse ne, kuma da yamma kowa zai kama gabansa. Akwatin kifi yana nan dare da rana, shekara goma ko fiye. Katako kuwa yana da wata ɗabi'a: idan aka bar masa kaya tsawon lokaci, a hankali yake lanƙwasa, ko da kayan bai kai ya karya shi ba, kamar yadda kantar littattafai ke yin ciki bayan 'yan shekaru. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta gine-ginen katako take ba injiniya damar dogaro da kashi 60 cikin ɗari kacal na ƙarfin katako idan kayan na dindindin ne.

Wannan lanƙwasar ita ce ainihin haɗarin. Akwatunan zamani ba su da ƙarfe a kusurwa. Tun shekarun 1960 da ɗankon silikon ake haɗa gilashi da gilashi. Ɗankon yana da ƙarfi matuƙar akwatin yana zaune daram. Da kusurwa ɗaya ta nutse da 'yan milimitoci, sai gilashin ya shiga murɗewa, abin da gilashi bai iya ba, ruwa kuma yana ta turawa daga ciki. Wata rana haɗin ya buɗe. Lita ɗari shida a kan daɓen katako ba aikin tsumma ba ne, za ta bi ta silin ɗin ɗakin ƙasa da wayoyin wuta. Ko yoyo kaɗan da fantsamar yau da kullum sukan ruɓar da katakon da ake dogaro da shi.

Maganin yana cikin sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Daɓen katako yana kwance ne a kan dogayen katakai da aka jera a tsaye da gefensu, tsakaninsu kimanin santimita 40, ƙarshensu na kan bango. Duk wanda ya san yadda maginan gargajiya ke jera azara kafin su yi daɓen bene ya riga ya fahimci tsarin. Idan aka ajiye akwatin ya bi tsawon waɗannan katakai, ɗaya ko biyu ne za su sha dukan nauyin. Idan aka gitta shi a kansu, huɗu ko biyar za su raba. Sa'an nan wuri: katakon da aka shimfiɗa kan kwata a tsakiya yake lotsawa, ba a bakinsa ba, don haka a jingina akwatin kusa da bangon da katakan suka hau, ba bangon raba ɗaki da ba ya ɗauke da komai ba. Tebur mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi mai siraran ƙafafu huɗu, waɗanda ke tattara kilo ɗari biyu-biyu a ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba. Inda akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, akan kafa turakun ƙarfe a tallafe daɓen, ko a manna sabon katako a jikin tsoho. A ganina, akwatin da ya wuce lita 400, musamman a bene ko a tsohon gidan da masu aikin famfo suka sha huda katakansa, ya cancanci a kira injiniyan gini ya duba, kuɗinsa bai kai na sake silin ba.

Bayan an cika akwatin, shi kansa ruwan ne mai ba da labari, domin ba ya karkata ko daɓe ya karkata. Masu kula sukan auna tazarar da ke tsakanin saman ruwa da bakin gilashi a kusurwoyi huɗu ranar farko, su rubuta, su sake aunawa bayan 'yan watanni. Idan tazarar wata kusurwa ta ragu, ta kishiyarta ta ƙaru, to daɓen ya fara sauka a nan, sai a rage ruwan kafin a taɓa komai.