Daga Kwatar Birni Zuwa Ƙasan Rijiya

Arewa da birnin Meziko, cikin jihar Hidalgo, akwai wani kwari mai ƙarancin ruwan sama da ake kira Mezkital. Sama da shekara 100 ke nan manoman wurin suna bayi da ruwan kwatar birnin, a fili mai faɗin kusan hekta 90,000. Masara na yin kyau, ciyawar dabbobi na yin shar, domin ruwan yana zuwa da takinsa. Saboda yawan ruwan da ke tsatsafewa cikin ƙasa har sababbin idanun ruwa suka ɓulɓulo, kuma dubban ɗaruruwan mutane daga ruwan ƙasan nan suke sha.

To, ruwan kwata ba taki kaɗai yake ɗauke da shi ba. Duk wanda ya haɗiyi maganin kashe ƙwayoyin cuta, jikinsa ba ya cinye shi duka, wani kaso yakan fita ta fitsari da bayan gida da sauran ƙarfinsa. Haka yake daga gidaje, haka daga asibitoci. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gano siprofulokzasin da sulfametokzazol, wato ɗaya daga sinadarai biyu na Septrin da muke saya a kemis, suna taruwa a gonakin kwarin.

Halinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Siprofulokzasin yakan maƙale wa ƙasa ya zauna a sama. Sulfametokzazol ba ya riƙo sosai, bin ruwa yake yi ya gangara, shi ya sa masu bincike a ƙasashe da dama suke yawan tarar da shi a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai a ɗebo ruwa garai-garai, ba wari ba launi, alhali da magani a ciki. Adadin bai kai ya warkar da kowa ba, bai kuma kai ya kashe ƙwayar cuta ba. Sabawa da shi take yi, ta koyi bijire masa, har ta miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan hali. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni.

Ba a Meziko kaɗai ake bayi da ruwan kwata ba. Wanda ya taɓa bi ta gefen kogin Jakara a Kano da rani ya san hoton: injin bayi na ƙara, tiyo a tsome cikin baƙin ruwa, latas da alayyahu jere a fangali, rijiyoyin unguwa kuma ba nisa. Ban ga laifin mai lambu ba, ruwan da ya samu ke nan, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Nauyin yana wuyan masu iko da kwata da magani.

Muna kira ga jami'o'inmu da hukumomin ruwa da su riƙa auna ragowar magani a rijiyoyi da burtsatsen da ke kusa da irin waɗannan lambuna, su kuma fito su gaya wa jama'a abin da suka gani. Asibitoci kuwa a tilasta musu tace ruwansu kafin ya shiga kwata.