Tsatsar da Ake Saye da Kuɗi: Ƙarfe, Azurfa da Kayan Adon Fazzan

A Sabha, babban birnin yankin Fazzan a kudancin Libiya, ƙarfe kan daɗe bai yi tsatsa ba. Ruwan saman da garin ke samu a shekara guda bai kai wanda Kano kan samu a dare ɗaya na marka ba, iskar kuma busasshiya ce ƙayau. Amma arewa da garin, a Wadi Shati, akwai tama jibge a ƙarƙashin ƙasa, kuma tama ba komai ba ce illa ƙarfen da ya riga ya haɗe da iskar oksijin, 'yar'uwar tsatsa ke nan. Masu narka tama suna raba su ne da wuta. Shi kuwa ƙarfe, da ya samu danshi sai ya kama hanyar komawa inda ya fito.

Wannan komawar ce wasu masu ƙera kayan ado a Turai da Amurka suka mayar sana'a. Sukan haɗa tsohon mabuɗi, guntun waya, fata, itace da duwatsu a abin wuya guda, su sa ƙarfen ya yi tsatsa da gangan don ya fito kamar kayan gado. Hanyar ba wuya: a kankare ƙarfen, a wanke maiƙon jikinsa, a fesa masa ruwan kal da gishiri, a bar shi a iska. Tsami na cinye fatar ƙarfen, gishiri na sa ruwan ya zama hanyar da lantarki ke bi cikin sauƙi, oksijin ya ƙarasa aikin. Abin da zai ɗauki shekaru a Sabha sai ya faru a 'yan kwanaki.

Ga wanda ya san Sahara, haɗa abubuwa daban-daban a kayan ado tsohon labari ne. A Jarma, yamma da Sabha, inda daular Garamantawa ta yi zamani kimanin shekara 2,000 da suka wuce, masu binciken kufai sun tono shaidar aikin ƙarfe da fasa jan dutse ana yin duwatsun wuya. Maƙeran Abzinawa kuwa, daga Agadas har Gat da Ubari, har gobe suna haɗa azurfa da baƙin itace, tsakiya da fata. Kwaɗunansu da manyan mabuɗan da mata ke ɗaurewa a gefen mayafi don kada iska ta ɗage shi, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado da jan ƙarfe da tagulla. Azurfar da kanta a da daga tsabar kuɗi ake narko ta, musamman riyalin Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780, wanda ya yi yawo a hanyar fatake ta Tarabulus, Murzuk da Kano.

Sai dai a nan ake yawan ruɗewa, domin ba kowane sauyin launi ne tsatsa ba. Azurfa ba ta tsatsa. Baƙin da take yi daga sinadarin farar wuta yake, wanda ke cikin iska, hayaƙi da wasu abinci. Shi ya sa idan aka rufe zobe a kwano tare da dafaffen ƙwai da aka farfasa, zai yi duhu. Wannan baƙin siriri ne, a sama yake tsayawa, kuma maƙeran fari suna son sa: a bar shi ya zauna cikin zanen, a goge saman ya yi ƙyalli, sai zanen ya fito raɗau. Jan ƙarfe kuma kore yake yi. Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York da aka kafa a 1886 da launin jan ƙarfe ya fara, koren da ya lulluɓe shi daga baya shi ke kare abin da ke ƙarƙashi. Jar tsatsar baƙin ƙarfe ce kaɗai mai mugun hali a cikinsu. Tana kumbura, tana ɓarewa, tana shan danshi, ta buɗe sabon wuri ta ci gaba da ci.

To, abin wuya a jikin mutum yake zama, kuma gumi ruwa ne da gishiri. Ko a Sabha, inda iska ba ta da laima, wuyan mai sanye da shi ya isa ya farfaɗo da tsatsar. Tana ɓata farin tufafi da tabon da sabulu ba ya fitarwa, tana kuma ƙuje fata. (Ita tsatsar ba ita ke kawo ciwon sandarewar jiki ba, kamar yadda ake yawan faɗi, ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa, wadda ke shiga ta rauni.) Saboda haka mai aikin kirki ba ya tsayawa a fesa gishiri. Zai wanke ƙarfen da ruwan kanwa ko bakin-soda don kashe tsamin, ya busar da shi sarai, sannan ya rufe shi da kakin zuma ko fenti marar launi, bayansa kuma ya sa masa fata.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma dukawanmu sun daɗe da saninta. Kuloko, baƙin rinin fata, daga kashin maƙera ko tarkacen ƙarfe da aka jiƙa a ruwa mai tsami ake yin sa. Idan ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa, sinadarin bagaruwar ya haɗu da ƙarfen, nan take sai baƙi. Wannan haɗin ne ke cikin magungunan tsayar da tsatsa da ake sayarwa a gwangwani, waɗanda ke mayar da jar tsatsa baƙa mai zama daram. A ganina, matashin maƙeri a Agadas ko Kano da ke son shiga wannan kasuwa bai da bukatar sinadarin waje. Bagaruwa da kaki sun ishe shi.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen sayarwa. Tsufar da sabon abu ado ne idan an faɗa wa mai saye. Idan aka ce masa kayan kaka ne, algus ne. Tsohon abu na gaske yana da shaida: inda igiya ke bi ya side, zanen da ke gogar jiki ya dushe, baƙin bai zauna bai ɗaya ba. Mai saye ya duba waɗannan wuraren, ya goga farin ƙyalle a bayan abin, kuma ya tambayi mai kaya kai tsaye ko azurfa ce ko farin ƙarfe kafin a yi ciniki.