Zaɓen makarantar koyon aikin likita: Abin da ke gaban ɗaliban ƙasar Hadejia

A garuruwa irin su Malam Madori da ke jihar Jigawa, samun gurbin karatun likita ba lamarin ɗalibi shi kaɗai ba ne. Labari ne da kan zagaye unguwa, kuma tun kafin yaro ya taka harabar jami'a wasu kan soma kiransa dokta.

To amma bayan barka da addu'a, iyalai da dama kan tsinci kansu a gaban zaɓi mai wuya. Wani an ba shi likitanci a sabuwar jami'a, alhali ransa na kan tsohuwa. Wani kuma jami'ar da yake so ta karɓe shi, sai dai a wani fannin daban. Akwai kuma masu riƙe da takardar wata makaranta a ƙetare, ko ta jami'a mai zaman kanta.

Shawarar da aka yanke cikin 'yan kwanaki ita za ta ɗaure ɗalibi na aƙalla shekara shida, ban da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da wata shekarar ta yi wa ƙasa hidima.

Gurbi ɗaya tak

Tun daga shekarar 2017 hukumar JAMB ke bayar da guraben karatu ta wani tsari na intanet da ake kira CAPS. A nan ne ɗalibi ke ganin gurbin da aka ba shi, ya karɓa ko ya ƙi.

Idan ya karɓa, to ya rufe wa kansa sauran ƙofofin jami'o'in Najeriya a wannan shekarar. Wannan ne ya sa bai kamata a bar wa mai shagon kwamfuta wannan aiki ba, kamar yadda wasu iyaye ke yi saboda rashin sani.

Haka kuma duk gurbin da wata makaranta ta bayar a wajen wannan tsari, JAMB ba ta san da zamansa ba, kuma matsalar kan fito fili ne a ƙarshe, lokacin da za a tura ɗalibi hidimar ƙasa.

Ɗaliban Jigawa na da wata dama da ba kowa ya san da ita ba. A ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben ana bayar da su ne bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda Jigawa ke cikinsu. Saboda haka makin da ba zai kai ɗan Malam Madori ko'ina ba a Ibadan ko Legas, zai iya yi masa amfani a Kano ko Dutse.

Tambayar farko

Kafin a yi maganar suna ko kyan gini, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, shin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ta amince da makarantar?

Hukumomi biyu ne ke da ta cewa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke amincewa da kwas ɗin a matsayin karatun digiri. Amma MDCN ce ke ba likita lasisin taɓa majinyaci, kuma ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta.

Amincewar ma hawa-hawa ce. Makaranta na iya samun izinin koyar da shekarun farko na aji da ɗakin gwaje-gwaje, alhali ba ta kai ga samun na shekarun asibiti ba.

A nan ne ake yawan faɗawa rami. Jami'a kan ɗauki ɗalibai fiye da adadin da aka ware mata, su yi shekarar farko tare, sannan a tace. Waɗanda aka zubar kan tsinci kansu a sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam ko na ƙananan halittu. A shekarar 2025 ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Kalaba sun shiga tsaka mai wuya bayan da ta bayyana cewa an ɗauke su fiye da adadin da majalisar ta amince, wasunsu kuwa sun riga sun yi nisa a karatun.

Don haka bai isa a tambayi ɗalibai nawa aka ɗauka ba. A tambayi nawa ne ke tsallakawa aji biyu, kuma nawa majalisar ta yi wa rajista.

Tsohuwa ko sabuwa?

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta soma koyar da aikin likita ne a shekarar 1967, kuma asibitin koyarwarta na Shika ya yaye da yawa daga cikin manyan likitocin arewa. Jami'ar Bayero na horar da ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri.

Abin da tsofaffin ke da shi ba gini ba ne. Ƙwararrun likitoci ne a kusan kowane fanni, da cunkoson majinyata masu cututtuka iri-iri, domin aikin likita a bakin gado ake koyonsa. Illarsu kuwa ita ce gasa mai tsanani da yawan ɗalibai, ta yadda wani lokaci ɗalibin da ke baya sai dai ya leƙa ta kafaɗar ɗan'uwansa.

A ɗaya ɓangaren akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, take kuma amfani da asibitin Rasheed Shekoni wajen koyarwa, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare a jihar Bauchi, wadda aka kafa a 2021. Dukkansu ba su yi wa ƙasar Hadejia nisa ba.

Kusancin gida ba ƙaramin abu ba ne. Ga manomin da ke dogaro da riɗi ko shinkafa, wanda kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022 ke iya cinye masa amfanin shekara, ɗan da za a iya aika wa gero da wake a motar haya ya fi sauƙin riƙewa. Iyaye da dama kuma sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta yi karatu a inda za su iya duba ta. A yankin da mata ke son mace ta duba su a asibiti, wannan kaɗai na iya zama dalili.

Su kuwa masu karɓar wani kwas a tsohuwar jami'a da fatan sauyawa zuwa likitanci daga baya, gaskiyar magana ita ce wannan ƙofa ƙunci gare ta, domin adadin da majalisar ta ware yakan riga ya cika.

Jami'o'in gwamnati na da nasu ciwon. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ci wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022. Masu zaman kansu sun kuɓuta daga wannan, amma kuɗinsu miliyoyin naira ne a kowace shekara, kuma rancen karatu na asusun NELFUND da aka soma a 2024 an tsara shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati.

Karatu a ƙetare

Shekaru da dama Sudan ce mafakar iyalan arewa masu neman likitanci, saboda addini da sauƙin rayuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga watan Afrilun 2023 ya kawo ƙarshen wannan, inda aka kwaso ɗaliban Najeriya, wasu ta kan iyakar Masar, da yawansu ba tare da takardun sakamakon karatunsu ba. Gwamnatin Jigawa, wadda a baya ta tura ɗalibai ƙasar Sin, ta mayar da wasu daga cikin nata zuwa tsibirin Saifurus.

Kafin nan, yaƙin Yukiren na 2022 ya tarwatsa wasu dubbai, kuma a wannan shekarar MDCN ta bayyana cewa ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet ba.

Sai kuma batun canji. Dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Uban da ya yi lissafin shekara shida da tsohon farashi ya wayi gari kuɗin makaranta ya ninka sau uku, alhali yaro na tsakiyar karatu.

Ko an kammala lafiya, da sauran rina a kaba. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisi, kuma ba kowa ke haye ta a zama ɗaya ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne harshe: ana iya koyarwa da Turanci a aji, amma majinyacin da ke kwance a Sin ko Rasha da harshensa zai yi bayani. Ɗalibin na iya dawowa kuma bai taɓa ganin mai tsargiya ko sanƙarau ba, cututtukan da zai ci karo da su a asibitocin ƙasar Hadejia.

Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya huta da batun dala, amma irin wannan tallafi yakan zo da yarjejeniyar yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Ya kamata ɗalibi da mahaifinsa su karanta takardar kafin sa hannu, su san adadin shekarun, da abin da zai biyo baya idan aka faɗi jarrabawa ko aka maimaita aji.

Akwai kuma masu ƙin karɓar kowane gurbi, su jira baɗi ko za su dace da jami'ar da suke so. Sakamakon jarrabawar JAMB na shekara ɗaya ne kawai, don haka mai jira sai ya sake sayen fom, ya sake zama, tare da sabbin ɗaliban da suka fito daga sakandare a wannan shekarar.