IN AKA CE MUTUM YA YI FASHI: YADDA AKE KARE KAI A KOTUNAN KUDU

A shekarar 2010 'yan sanda suka kama wani yaro a Jihar Osun, aka ce shi da wani abokinsa sun shiga gidan mutane da makami sun kwashi kaji. A watan Disamba na 2014 Babbar Kotun jihar ta yanke musu hukuncin kisa. Yaron nan ya yi shekara 10 a Kirikiri yana jiran ranar mutuwa, sai a watan Disamba na 2024 Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa bayan jama'a sun ta da jijiyar wuya. Mutane da yawa suka riƙa mamaki, wai yaya za a kashe mutum a kan kaza? To, abin da ba su gane ba shi ne, doka ba ruwanta da darajar abin da aka ɗauka. Makamin take dubawa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Binin da sauran garuruwan kurmi fiye da kowa. Mai gadi yana kwana da adda, mahauci da mai tsire ba su rabo da wuƙa, ɗan acaba yana ɗaukar wanda bai sani ba, ɗan gwangwan kuwa yana sayen kayan da bai san asalinsu ba. Ranar da aka yi fashi a unguwa aka fito kame, irin waɗannan su ne kusa da hannu.

Dokar nan ta samo asali ne daga Dokar Soja mai lamba 47 ta 1970, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa bayan yaƙin basasa, lokacin da bindigogi suka bazu a hannun mutane. Ita ce ta kawo kotunan musamman, da ɗaure ɓarayi a jikin ganga a harbe su a bainar jama'a. Haka aka yi wa Ishola Oyenusi a Bar Beach ran 8 ga Satumba, 1971, haka kuma Lawrence Anini a Binin a 1987. Waɗannan kotuna ba a ɗaukaka ƙara daga gare su. A 1999 aka soke su, aka mai da shari'ar fashi hannun Manyan Kotunan jihohi, amma hukuncin yana nan yadda yake. Fashi ba makami, ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. Fashi da makami, kisa. Wanda kuma yake tare da mai makamin, ko da shi hannunsa sake, hukuncinsu ɗaya. Makami kuwa ba sai bindiga ba: adda, wuƙa, gora, fasasshiyar kwalba, duk sun shiga. Wanda ya karɓi kayan fashi yana sane, ɗaurin rai da rai ne.

Galibi a caji ofis ake cin shari'ar ko a fāɗi, tun kafin a ga fuskar alƙali. Ga mutum ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarabanci, an rubuta takarda an karanta masa sama-sama, an ce ya dangwala yatsa ya tafi gida. Ba zai tafi gidan ba. Takardar nan ita ce za ta fito a kotu bayan shekara uku da sunan ya amsa laifi da bakinsa, kotu kuwa tana da ikon ɗaure mutum a kan amsa laifinsa kaɗai idan ta gamsu ba tilasta shi aka yi ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin mutum gaban lauyansa, in ba shi da lauya gaban ma'aikacin Hukumar Ba da Taimakon Lauya ko wani da ya yarda da shi, a kuma samo masa tafinta. Jihar Ikko ma tun 2007 dokarta ta ce a ɗauki hoton bidiyo na mai amsa laifi.

Batun tafinta abu ne da lauya mai hankali ba ya bari ya wuce. Idan mutum ya yi bayani da Hausa wani ya juya shi zuwa Turanci, kotunan ƙasar nan sun daɗe da tsai da cewa sai an kira tafintan ya ba da shaida a kan abin da ya ji da abin da ya faɗa. In ba a kira shi ba, takardar ta zama ji-ta-ji-ta. A cikin kotu kuma sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta. Kuskuren da 'yan'uwa ke yi shi ne jin kunya, alƙali ya tambaya ko yana jin Turanci, shi kuma don yana ɗan taɓa buroka a kasuwa sai ya gyaɗa kai. Turancin kasuwa daban, na kotu daban.

In kuwa da duka aka karɓi bayanin, akwai lokacin faɗi, wato daidai sa'ad da lauyan gwamnati ya miƙa takardar don a karɓe ta shaida. Nan lauyan mai kare kai zai miƙe ya ce bai yarda ba. Bisa sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011, nauyi ya koma kan mai ƙara ya tabbatar ba a gallaza wa mutum ba. Aka bari takardar ta shige sa'an nan aka zo ana nuna tabon bulala, an makara ƙwarai. Tun 2017 ma azabtar da wanda ake tsare da shi laifi ne mai zaman kansa a doka.

Abu uku mai ƙara zai tabbatar ba tare da shakka ba: an yi fashi, an yi shi da makami, wanda ke tsaye a akwati kuma yana cikin waɗanda suka yi. Na ukun nan shi ne wurin kokawa. Fashi da dare ake yi, cikin firgici, wanda aka yi wa bai san ɓarawon ba. Ka'ida ita ce a jera wanda ake zargi cikin mutane masu kama da shi, a ce mai shaida ya tsamo shi. Amma a fito da mutum ɗaya da ankwa a hannu a ce "ba shi ne ba?", wannan ba ganewa ba ce. A wurin baƙo kuwa abin ya fi haɗari, don wanda bai saba da 'yan Arewa ba, duk mai doguwar riga da hula ɗaya ne a idonsa.

Wanda yake wani wuri dabam a daren da aka yi abin, to tun a bayaninsa na farko gaban 'yan sanda zai faɗa, da sunan wurin, da lokaci, da mutanen da yake tare da su. Ya ce yana kan tirelar shanu tsakanin Jebba da Ilori, ga sunan direba, ga lambar mota. Ya yi haka, wajibi ne 'yan sanda su bincika, in suka ƙi kuwa abin na iya zame masa mafita. Amma ya ce "ina gida" kurum, ko ya ajiye maganar sai a kotu, alƙali zai ɗauke ta ƙirƙira. Haka kuma wanda aka sami kayan fashi a hannunsa jim kaɗan bayan an yi, doka ta yarda a zaci shi ne ɓarawon ko mai karɓa, sai in ya yi gamsasshen bayani. Rasit na babur ko na wayar hannu, da shaidun ciniki, nan ne ranarsu. Shekaru ma abin kula ne, domin doka ba ta yarda a yanke wa ƙaramin yaro hukuncin kisa ba, yaran da ke zuwa ci-rani kuwa da wuya a sami mai takardar haihuwa.

Majistare ba shi da ikon yin shari'ar fashi da makami. Iyakarsa ya aika da mutum Ikoyi ko Kirikiri ko Agodi a ajiye, a tura fayil ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki a jira shawara. Beli kuwa sai alƙalin Babbar Kotu, shi ma sai da dalili mai ƙarfi kamar ciwo mai tsanani. A nan ne mutane ke ruɓewa. Fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, dangi suna can Arewa suna tsammanin ɗansu ya ƙi aike ne. Akwai Hukumar Ba da Taimakon Lauya da aka kafa tun 1976 saboda marasa hali, tana da ofis a jihohi. Aikin da ya kamaci sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan acaba da na kara shi ne su riƙe sunan duk wanda aka kama, da caji ofis ɗin, da lambar ƙarar, su sa lauya ya bi fayil ɗin.

Wasu kan tara kuɗi su je su ba wanda aka yi wa fashi haƙuri, kamar yadda aka saba a gida. Wannan ba ya kashe ƙarar, domin gwamnati ce mai ƙara, Babban Lauyan jiha ne kaɗai ke da ikon janye ta. Wani lokaci ma zuwan ban-haƙurin shi ake kawowa a ce ai sun amsa.

In aka yanke hukunci, kwana 90 ke akwai na kai kuka Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja. Muddin ƙarar tana gaba ba a zartar da kisa, bayan ta ƙare kuma sai gwamnan jiha ya sa hannu.