Rumman, Bishiyar Da Ke Jure Zafin Bazara Da Sanyin Hunturu

Magidanta da dama a Kano da Kaduna kan sayi dashe da tsada, hunturu ya busar da shi, zafin Afrilu ya ƙarasa shi. Rumman kuwa yana tsallake duka biyun. Asalinsa yankin Iran ne, inda rana ke ƙuna, ƙanƙara kuma ke zuba lokacin sanyi. Sanyi in ya tsananta, yakan zubar da ganye ya huta, ɗumi na dawowa ya sake tohowa. Yana kuma jure zafin digiri 40. A dasa reshensa da damina a inda rana ke bugawa, a riƙa ban ruwa a kai a kai, domin ruwa mai yawa bayan dogon ƙishi kan tsaga 'ya'yansa. Yawanci cikin shekara 3 yake fara 'ya'ya.