Malamin Cigong, Mai Koyar da Numfashi

Kafin rana ta fito a biranen ƙasar Sin, malamin cigong ya riga ya isa lambun shaƙatawa. Jarinsa bai wuce kaya masu sakwa-sakwa, takalmi marar tudu da 'yar na'urar sauti ba. Ɗalibansa yawanci tsofaffi ne da suka ajiye aiki, a cikinsu kuwa ba a rasa wanda rashin miji ko mata, ko kaɗaici, ya hana shi barci da cin abinci.

Abin da yake koyarwa a ido kamar wasa ne: a tsaya, a ɗan rusuna gwiwa, a ɗaga hannu a hankali, a ja numfashi har ƙasan ciki. Wahalar tana wajen gyara. Malami na gari yakan gane mai damuwa tun daga tsayuwarsa, kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, numfashi bai wuce ƙirji ba. Ba ya tambayarsa abin da ke cin ransa. Sai ya dafa kafaɗar ya sauke ta, ya ce a sake. Gobe ma haka.

Sana'ar tsohuwa ce. A wani kabari na shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, a Mawangdui, an tono ƙyallen siliki mai zanen mutum 44 suna irin wannan motsi. Ana kuma jingina wa likita Huwa Tuwo salon kwaikwayon dabbobi biyar. Wanda aka fi koyarwa yau shi ne Baduanjin, motsi 8 da ake kammalawa cikin kamar minti 12. Na biyar ɗinsu, kaɗa kai da ƙugu, malaman na cewa yana kashe wutar zuciya. A ilimin maganin gargajiyarsu baƙin ciki da huhu yake tafiya, fushi da hanta. Likitan asibiti ba zai sa hannu a wannan bayani ba, amma ya yarda cewa numfashi a natse da motsa jiki suna kwantar da hankali. Masu bincike a Hong Kong sun gwada Baduanjin a kan tsofaffi masu ciwon damuwa, suka ga sauƙi, ko da yake irin waɗannan gwaje-gwaje mutanen cikinsu ba su da yawa. A 2020 ma an yi shi da majinyatan korona a asibitocin wucin gadi na Wuhan.

A ganina rabin maganin fitowar ce. Mai ciwon damuwa a ɗaki yake kulle kansa. Ga shi an ba shi dalilin tashi da asuba, da mutanen da za su yi cigiyarsa idan bai zo ba.

Sana'ar ta sha ɓacin suna. A shekarun 1980 da 1990 'yan damfara sun cika ta, masu cewa suna warkar da cutar kansa daga nesa, suna tara kuɗin jama'a. Daga baya gwamnati ta sa ido, a 2003 kuma hukumar wasanni ta fitar da salo 4 da ta amince a koyar.

Har yanzu ma'aunin gane malami na gari bai canza ba. Malamin da ya ce ka ajiye maganin likita, guje shi. Wanda damuwa ta kai shi ga tunanin halaka kansa kuwa, asibiti za a fara kai shi, cigong ya biyo baya.